Baba Fiyus da Wutar Jirgin Asibiti

Kafin ƙarfe bakwai na safe Baba Fiyus ya iso bakin ruwa. Da ƙafa yake takowa, jakar kayan aiki a kafaɗar hagu, butar shayi a hannun dama. Shagonsa tsohuwar kwantena ce da aka yanka wa taga, tana tsakanin mai gyaran injin jirgi da matar da ke sayar da igiya da ƙugiya. Idan ya buɗe, ba ya zama. Sai ya ɗauki mitarsa ta awon wuta ya bi baturan da ya jera jiya ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora musu jan tsinke da baƙi, yana yi musu magana kamar marasa lafiya a gadon asibiti.

"Kai ka kwana lafiya. Kai ma haka. Kai kuwa, malam, kwananka ya ƙare, kada mu yaudari juna."

Daga nan ya sauka kan katakon da ake ɗaure jirage. Duk jirgin da ya taɓa sa wa sola sai ya leƙa shi, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Ya shafa waya, ya girgiza ƙarfen da ke riƙe da faifan sola, ya sunkuya ya shinshina akwatin batir. Masunta sun saba. Wani ya ɗaga masa hannu, wani ya ce, "Baba, yau ma binciken ne?" Shi kuma ya ce, "Shanyar wa ce wannan a kan faifan? Rana za ka ba wa batir ko wandonka?"

Haka yake yi shekara ashirin da biyu. A ƙarshen watan nan zai rufe kwantenar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a jirgin asibiti, wanda ke bin ƙauyukan tsibirai da na gaɓar ruwa inda mota ba ta zuwa. Mu huɗu ne a ciki: ni, da ungozoma, da mai ba da magani, da matuƙinmu da kowa ke kira Kyaftin. Muna fita mu yi kwana biyar ko shida kafin mu dawo. Abin da ya fi komai daraja a jirgin ba injin ba ne, ba kuma mu ba ne. Wani ɗan firji ne fari da bai kai tsayin ƙugu ba, inda muke ajiye alluran rigakafin yara. Ma'aunin sanyin da ke jikinsa dole ya tsaya tsakanin biyu da takwas. In ya wuce takwas ya daɗe, ba mu da ikon soka wa ɗan kowa abin da ke ciki.

Sunan Baba Fiyus ba na yanka ba ne, kowa ya sani. Masunta ne suka laƙaba masa, saboda duk jirgin da ya shiga, kafin ya amsa gaisuwa tambayarsa ɗaya ce: "Ina fiyus?" Wato ɗan ƙarfen nan da ke tsinkewa ya yanke wuta idan waya ta haɗu, kafin ta zama gobara. Da farko tsokana ce. Yanzu har jikokinsa haka suke kiransa, kuma yana amsawa.

Haɗuwata da shi da rigima ta fara. A shekarata ta biyu aka sa wa jirginmu sola, aka raba mu da janareta mai hayaƙi. Wani ɗan kwangila ne ya yi aikin cikin yini ɗaya, faya-fayan suna ta ƙyalli, kowa yana murna. Ranar da za mu fita, shugaban ofishinmu ya zo da baƙi da mai ɗaukar hoto. Kyaftin ya ja ni gefe ya ce, "Sista, ni fa ina jin ƙaurin roba a ɗakin batir." Sai ya ruga ya kira Baba.

Baba ya shigo bai kalli baƙin ba. Ya durƙusa, ya buɗe akwatin, ya kama wayar da ta taso daga batir, ya sake ta da sauri yana yarfe yatsu.

"Ina fiyus?"

Ya bi wayar da ido har ƙarshenta, babu fiyus.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban, "jirgin nan ba zai fita yau ba."

"Kai wane ne da za ka ce ba zai fita ba? Ka san mutum nawa ke jiranmu?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Amma taɓa nan."

Shugaban ya sunkuya da babbar rigarsa ya taɓa. Shi ma ya janye hannu.

"Wannan wayar fitilar ɗaki ce," in ji Baba. "Ta yi wa aikin nan siriri. Yanzu muna gaɓa, rana ba ta ma yi ƙarfi ba, ta yi wannan zafi. Ga tankin mai nan taku biyu. A gida in wuta ta kama, ka fita waje. A tsakiyar ruwa, ina ne waje?"

Mai hoto ya sauke kyamararsa. Shugaban ya daɗe yana kallon tankin, ya ce, "Kwana nawa kake so?"

"Uku."

"Biyu."

"Uku, ranka ya daɗe. In na ce maka biyu ƙarya na yi maka."

Kwana ukun nan a gabana ya yi su, domin an bar ni in kula da magunguna. A nan na gane sa sola a jirgi ba kamar sa shi a rufin gida ba ne. Gida ba ya rawa, jirgi kuwa ba ya daina rawa. Baba ya kwance komai. Ya ɗaga faya-fayan biyu a kan ƙarfen da ba ya tsatsa, ya bar tazarar yatsu huɗu a ƙarƙashinsu don iska ta ratsa, ya ce faifan da ya yi zafi rago ne. Kowane noti ya sa masa abin da zai hana girgiza kwance shi. Kowace huda da ya yi a rufin ya cika ta da danƙo har sai ya tumbatso. Ya kawo waya mai kauri irin wadda danshi ba ya ci, ya bi da ita ta cikin bututu, ya ɗaure ta kowane taƙi guda. Inda za ta shiga ɗaki sai ya lanƙwasa ta ƙasa tukuna, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje. Batir ya ɗaure shi da ɗamara a akwati mai ƙofar shan iska, fiyus kuma bai fi tsawon tafin hannu daga kan batirin ba.

Akwai wani allo mai sunan ofishinmu da aka kafa a rufin jirgin, shugaban yana ji da shi. Baba ya zauna yini guda yana kallon inda inuwarsa ke faɗawa. Washegari ya kwance allon ya mai da shi gefe.

"Baba, za ka jawo mana magana," na ce.

"Inuwarsa tana cin kusurwar faifan daga azahar. Kusurwa ɗaya in ta shiga inuwa, duk faifan ya yi sanyin jiki. In ya tambaya ki ce ni ne."

Ya tambaya, na ce shi ne, magana ta mutu.

A rana ta uku da ya gama, na ɗauka sallama za mu yi. Sai ya miƙo mini mitarsa.

"Riƙe, Sista."

"Ni? Baba, ni ko ƙwan fitila ya mutu a gida, maigidana nake jira."

"Maigidanki zai bi ki tsibiri? Ni ma ba zan bi ki ba. Matar da ke neman jijiyar jariri da allura, ita ce za ta ce tana tsoron waya biyu, ja da baƙa?"

Bai bar ni ba sai da na iya. Ya nuna mini kwantrola, ɗan akwatin da ke karɓar wuta daga faifai ya ba wa batir daidai cikinsa. Ya sa na karanta lambobinta har na haddace wace ce lafiya, wace ce ciwo. Ya sa na cire fiyus na mayar sau goma. Kowace waya ya manna mata takarda ya rubuta daga inda ta fito da inda za ta, da manyan baƙaƙe. Ya kira Kyaftin da ungozoma su ma ya yi musu haka. Ungozoma tana ta mita, tana cewa ita haihuwa aka ɗauke ta karɓa. Ya ce, "Hajiya, a duhu za ki karɓa?"

Kai ne malamin da ba ya ɓoye karatu, Baba. Na san masu sana'a da yawa da ke juya baya idan sun zo wurin da asirin aikin yake, don a sake nemansu gobe. Kai so kake a daina nemanka.

Shekara huɗu da suka wuce ƙyanda ta ɓarke a tsibiran da suka fi nisa, tafiyar kwana biyu daga gaɓa. Yara uku sun riga sun rasu a ƙauye ɗaya. Muka loda rigakafin yara ɗari uku da ashirin muka tashi. Kwana biyu hadari ya rufe sama, batir yana ta ja baya. A rana ta uku da hantsi, muna ratsa wata 'yar siririyar hanya tsakanin itatuwa, iska ta taso ta karyo reshe, ya faɗo a kan rufin. Faifan dama ya tarwatse kamar gilashin mota. Na hagu ko ƙwarzane bai yi ba.

Iskar ta wuce, rana ta fito tarwai, amma kwantrola ta nuna kusan babu abin da ke shiga. Da azahar firjin ya fara ɗaukewa yana dawowa. Ma'aunin ya tashi daga huɗu zuwa biyar. Kafin mu ɗaure jirgi a tsibirin farko ya kai shida. A gaɓa kuwa mata sun cika, kowace da goyo, wasu da biyu. Sun ga jirgi sun fara murna. Yaran wannan tsibirin za mu iya yi musu a take, amma saura tsibirai biyar a gaba.

Mai ba da magani ya ce, "Sista, mu juya kawai."

"Mu juya ina? Kwana biyu ne baya. Kafin mu isa komai ya lalace."

Wuri ɗaya ne wayar salula ke kamawa a tsibirin, kan wani tudu kusa da gaɓa. Kyaftin ya hau ya kira Baba, ya ƙara murya, yana maimaita mini abin da ya ce da ihu, ni kuma ina kan rufin jirgin, cikin fararen kaya.

Abin da Baba ya fara tambaya shi ne, "Akwai wanda ya ji ciwo?" Da aka ce babu, ya ce, "To alhamdu lillahi, sauran mai sauƙi ne. Ka gaya wa Sista faya-fayan nan a jere na haɗa su, wutar ɗaya ta cikin ɗaya take bi. Wanda ya fashe shi ya tare wa ɗan'uwansa hanya. Za mu fitar da shi daga layi, shi ke nan."

"Ta ce ba za ta iya ba!" in ji Kyaftin.

"Ban tambaye ta ba. Ta kashe makunnin da na rubuta wa FAIFAI. Ta rufe su duka biyu da bargo, kada ta taɓa komai rana tana dukansu."

Ungozoma ta miƙo barguna biyu na masu haihuwa. Na rufe. Ya ce in leƙa ƙarƙashi in nemo inda wayar faifan hagu ta shiga ta na dama, in matse 'yan kunnuwan in zare. Suka ƙi zaruwa. Gumi yana shiga mini ido. Na ce wa Kyaftin ya gaya masa sun ƙi.

"Ta sa bakin almakashinta ta danna kunnen. Ba za ta karya ba, na san abin da na saya."

Na danna, ta zaru. Ya sa na zare ɗaya wayar da ta sauka daga fasasshen faifan zuwa ɗaki, na kawo ta na haɗa da ta mai lafiyar. Kafin in haɗa sai da ya sa na karanta masa abin da ke rubuce a takardar kowace waya, Kyaftin yana maimaitawa. Na ji ƙarar shigarta, ƙas. Na naɗe bakin wayoyin fasasshen da salatif. Na yaye bargo. Na sauko na kunna makunni.

Lambobin kwantrola suka fara hawa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasan ɗakin ba. Ma'aunin firjin ya taɓa bakwai, ya tsaya a nan kusan awa guda muna kallonsa mu uku, sannan ya sauko shida.

Kyaftin ya koma kan tudu ya gaya masa. Baba ya ce, "Faifai ɗaya ne yanzu, ba zai ɗauki kowa ba. A kashe fanka, a kashe cajin waya, a bar wa firji. Ku sha zafi, ba za ku mutu ba. Kuma ka gaishe mini da injiniya."

Mun sha zafin kuwa. Amma tsibirai shida muka zaga, yara ɗari uku da goma sha ɗaya muka yi wa allura, babu kwalba ɗaya da muka zubar.

Da muka dawo gaɓa, an ce sabon faifai sai ya yi sati uku kafin ya iso, mu kuwa bayan kwana huɗu za mu koma da zagaye na biyu. Washegari da safe sai ga Baba da mai baro, an ɗoro faifai an lulluɓe da tsohon zane. Ya hau ya ɗaura, ya auna, ya sauka, bai gaya mana inda ya samo shi ba. Sai bayan sati biyu na haɗu da matarsa, wadda duk muke kira Inna, a layin awon hawan jini. Ta kama hannuna.

"'Yar nan, ke ce ta jirgin? To fankata tana gaishe ki."

"Wace fanka, Inna?"

"Au, bai gaya muku ba? Ina zaune ina tsintar shinkafa na ji mutum a kan rufi. Na fito na ce, Malam, lafiya? Ya ce aro zai yi. Na ce aron me, a gidanka? Kafin in rufe baki fanka ta tsaya. Shekara talatin da takwas ina auren mai gyaran wuta, ni ce mai fifita da murfin tukunya."

Tana faɗa tana dariya har da hawaye. Sannan ta rage murya ta ce, "Yaran sun samu dai ko?" Na ce sun samu. Ta ce, "To ya isa."

Abin da ya sa zai ajiye aiki, shi da kansa ya faɗa, ba wanda ya tilasta shi. Tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ya zo wurina na auna shi, na tura shi wurin likita, aka ba shi magani, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba. Watanni uku da suka wuce, a zagayensa na safe, ya shiga jirgin wani masunci da ya yi wa aiki sati ɗaya kafin nan, ya ja waya a kan batir, ta motsa a hannunsa. Notin bai ɗauru ba. Shi da kansa ne kuwa ya ɗaure shi tun farko.

Masuncin bai ma lura ba. Baba zai iya matsewa ya yi shiru. Maimakon haka ya kira shi ya nuna masa. "Ka ga wannan? Aikina ne. Da ka fita da shi haka, girgiza za ta ƙarasa kwance shi, ya yi tartsatsi kusa da manka." Daga nan ya ɗauko littafin da yake rubuta jiragen da ya yi wa aiki, ya ware duk na shekarar nan, guda goma sha tara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yi nisa ya aika aka kira su. Kowane noti sai ya sa mai jirgin ya kama sifana ya gwada da hannunsa a gabansa. An sami biyu da suka yi sako-sako. Da ya gama na goma sha tara, ya zo ya same ni a jirginmu ya zauna a kan akwatin magani.

"Sista, na gama."

"Baba, ka rage dai. Ido da kai duk suna nan."

"Suna nan. Wanda yake son ido da kai ya zo gida, ƙofa a buɗe take, in duba masa aikinsa in faɗa masa gaskiya. Amma hannun da ban yarda da shi ba, ba zan sa shi a jirgin da ke ɗauke da 'ya'yan mutane ba."

Ba da baƙin ciki ya faɗa ba. Yadda yake gaya wa mai jirgi wayarsa ta yi siriri, haka ya gaya wa kansa.

Kai ne wanda ya kama kuskurensa da hannunsa ya kai kansa ƙara, Baba. A shekara ashirin da biyu, jiragen da ka sa wa wuta sun haura ɗari huɗu, na masunta da na fito da namu, babu ko ɗaya da ya taɓa kamawa da wuta. Ba a ba da lambar yabo kan gobarar da ba ta tashi ba, shi ya sa babu hotonka a bangon kowane ofis. Matan tsibiran nan ba su san fuskarka ba. Mu suke yi wa addu'a idan mun sauka, mu suke kawo wa ƙwai da kifi. Yau na zo in faɗa a gaban jama'a cewa rabin addu'ar nan taka ce, mun daɗe muna karɓa a madadinka.

Mun gode, Baba. Ungozoma ta ce in gaya maka ta gode, ita da ta fi kowa mita. Kyaftin ya gode. Mun gode wa Inna, wadda ta yi rabon mijinta da bakin ruwa shekara da shekaru ba ta taɓa rufe masa ƙofa ba. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya sa ka daɗe kana shan iskar gidanka.

Ku kuma masu wannan sana'a da ke tasowa, sola ta yi yawa yanzu, kowa ya sayi filaya ya zama injiniya. Ba na hana ku nema. Amma in mai jirgi ya ce ku yi masa sauri, ku tuna shi zai shiga ruwa, ku kuna gaɓa. Ku sa wayar da ta dace ko da zai ɓata rai. Ku koya masa abin da kuka haɗa masa. In kun yi kuskure, ku riga kowa faɗa. Wanda bai san yadda ake yi ba, gidan Baba ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ka tambaya a bakin ruwa zai nuna maka. Ku je tun yana iya amsa muku, ku tafi da aikinku a hannu, ku kuma shirya jin gaskiya.

Mu ranar Litinin ta farko bayan ya rufe kwantena za mu fita, da rigakafin jarirai ɗari biyu. Zai zama karo na farko da za mu bar gaɓa babu shi tsaye a kan katako. Na gaya masa haka jiya. Ya dube ni ya ce, "To me? Ai ke kina ciki."